Za a yi wa kyanwata tiyata, allurar barcin nake tsoro

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar asibitin dabbobi, ko wanda aka taɓa yi wa dabbarsa aiki.

Ina da kyanwa, Zabuwa muke ce mata saboda zanen jikinta. Ta marigayiya mahaifiyata ce, da ta rasu na ɗauko ta, yanzu za ta kai shekara 7. Ta yi ta haihuwa har muka rasa masu karɓar 'ya'yan, shi ne bara wani mai sayar da maganin dabbobi ya fara yi mata allurar hana ɗaukar ciki. Makon jiya na lura cikinta ya taso, na zaci ciki ne ya shiga duk da allurar. Sai ta rage cin abinci. Kifin da a da take rawar jiki a kansa, yanzu sai ta sansana ta kau da kai. Ruwa kuwa kamar me, har a bakin bahon wanki nake samun ta tana sha. Kullum tana lasar gabanta, kuma a tsumman da take kwana a kai na ga wani ruwa mai kauri, tsakanin rawaya da ja, mai wari.

Shekaranjiya na kai ta asibitin dabbobi. Likitan ya tattaɓa cikin, ya yi mata hoto, ya ce ba 'ya'ya ba ne, mugunya ce ta cika mahaifar, kuma maganin abin shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya. Ya so a yi aikin a ranar ko washegari. Ni na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Ya yi mata allura, ya ba mu magani, amma ya ja mini kunne kada in wuce kwana biyu.

Wallahi ba yankan nake tsoro ba, allurar barcin ce. Ina yawan jin an ce an yi wa dabba allura ba ta tashi ba. Ga shi ta rame, ba ta cin kirki, gani nake kamar jikinta ba zai ɗauka ba. Daga jiya kuma ruwan ya daina fita, da safe a bushe na tarar da tsummanta. Shi ne nake tunanin ko maganin ya fara aiki, in bari sai mako mai zuwa ta ɗan murmure tukuna.

To allurar nan, gaskiya ne tana kashe dabbobi haka? Me zan tambayi likitan kafin in sa hannu a takardarsu? An ce a hana ta abinci kafin aiki, ita da ba ta ci dama, har ruwan ma zan hana ta? Wasu a gida suna cewa ai kyanwa ce, me ya yi zafi. Ni dai amana ce a hannuna.

Baban Khalifa, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Ni ba likita ba ne, karnukan gadi nake ajiyewa, kuma na ɗanɗani abin da kike tsoro.

Ina da wani ƙaton kare da ya cika faɗa da tsallake katanga, aka ba ni shawara a dandaƙe shi. Wani ya haɗa ni da mutumin da aka ce yana zuwa har gida. Ya zo a kan babur da 'yar jakarsa, ni kuma ina kasuwa. Maigadina ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Bai auna nauyin karen ba, kallonsa kawai ya yi ya zuƙi allura. Bai tambaya ko ya ci abinci ba, alhali bai fi awa guda ba da yara suka juye masa ragowar tuwo. A kan simintin gareji ya yi aikin, ya wanke hannu, ya karɓi kuɗinsa, ya ce nan da awa ɗaya zai tashi, ya hau babur ya tafi.

Da na dawo bayan magariba na tarar da shi a inda aka bar shi, kansa a tanƙwashe jikin bango, wuyansa a lanƙwashe. Na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya koma shuɗi-shuɗi. Tuwo ne a bakinsa, tuwo a hancinsa. Amai ya taso masa yana cikin barci, ya shaƙe, babu wanda ya sani, don maigadin yana leƙowa daga nesa yana ganin barci yake yi. Daga baya na gano mutumin ko makarantar likitan dabbobi bai taɓa shiga ba.

Na jima ban yarda an kusanci karnukana da allura ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma da wata karyata ta kasa haihuwa, dole ta sa na kai ta asibiti na gaske, kuma abin da na gani daban ne. Sun ɗora ta a sikeli, sun ɗebi jini, sun sa mata kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani, a hannu. Bayan an gama wata ma'aikaciya ta zauna a gefenta, ba ta matsa ba sai da karyar ta ɗaga kai. Tana nan da ranta har yau.

Don haka ni abin da zan ce miki, ki tabbatar likita ne na gaske, kuma ki tambaye shi wa zai zauna da ita bayan an gama. Kada ki yarda a miƙo miki ita tana barci.

Gwaggon Yara

Allah sarki, 'yar nan. Ni dai a ganina tunda ruwan ya tsaya, ki ƙyale ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu da muka tashi da maguna a gida ba mu taɓa jin an yanka cikin mage ba. Ki samu kafso ja da yalo ki farke ki zuba mata a madara, in jikinta da zafi ki gutsura mata Panadol kaɗan. Allah shi ne mai warkarwa.

Dakta, Zariya

Gwaggo, ki yi mini afuwa, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma sai na fara da maganarki saboda rai ne a ciki. Maman Ilham, kada Panadol ko wani farasitamol ya shiga bakin kyanwar nan, ko ɗan gutsure. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi yadda tamu take yi. Yana lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafukan ƙafa su kumbura. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta. Haka ibufurofen da daikulofenak, su kuma ƙoda da tumbi suke ci, a kyanwa da kare duka.

Sai maganar ruwan da ya tsaya, ita ce ta sa na bar abin da nake yi na zauna rubuta miki. Ciwon nan a asibiti fayometira muke ce masa, kuma allurar hana ɗaukar cikin nan tana daga cikin abubuwan da ke jawo shi, don haka ki faɗa wa likitanki sau nawa aka yi mata da lokacin ta ƙarshe. In bakin mahaifa a buɗe yake, mugunyar tana samun hanyar fita, shi ne abin da kika gani a tsumma. In ya rufe, sai ta taru a ciki. Bushewar tsumma ba ta nuna sauƙi, musamman ga shi cikin bai saɓe ba kuma abincin bai dawo ba. Mai yiwuwa ne ma tana lashe shi kafin ki gani, maguna akwai tsafta. Mahaifar da ta cika tana iya fashewa a cikin ciki, ko dafin ƙwayoyin cutar ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Yawan shan ruwan da kika ambata yana nuna dafin ya fara wahalar da ƙodar. Murmurewar da kike jira ba za ta zo ba muddin abin yana cikinta, kowace rana ƙarfin da za ta shiga tiyata da shi raguwa yake yi. Likitanki ya yi gaskiya. Ki kira shi yau. Yawancin magunan da aka yi wa aikin nan a kan lokaci suna tashi su ci gaba da rayuwarsu.

Tsoronki na allurar barci ba shirme ba ne, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba. Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2008, an bi karnuka wajen 98,000 da maguna wajen 79,000 da aka sa barci. A cikin maguna masu lafiya, kusan 1 cikin 900 ce ta mutu sanadin abin, karnuka masu lafiya kuma kusan 1 cikin 1,800. A marasa lafiya adadin ya haura zuwa kusan 1 cikin 70. Zabuwa tana cikin rukuni na biyu, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki dubi lissafin da kyau, 69 cikin 70 sun farka. Ciwon da ke cikinta in an bar shi ba ya ba da irin wannan rangwamen.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken, kuma shi nake nanata wa ɗaliban da ke zuwa koyon aiki wurinmu, shi ne lokacin da mutuwar take faruwa. A maguna, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba a kan tebur suka mutu ba, bayan an gama aikin ne, kuma galibi a awa ukun farko. Wato lokacin da likita ya cire safar hannu, kowa ya saki jiki, an koma kan dabba ta gaba. Karen Baban Khalifa ke nan, Allah ya mayar masa da alheri. Mutane suna cewa allura ta yi yawa, wani lokacin haka ne, amma sau da yawa da akwai mutum a zaune a gefe yana kallon ƙirjin dabbar, ya miƙe mata wuya, ya jawo harshenta waje, ya share bakin, da ta tashi.

Ga abin da nake yi wa kyanwa irin taki in ta zo hannuna, sai ki gwada da abin da za ki gani a can. Sikeli ne farko. Duk allurar barci da nauyi ake lissafa ta, kuma a dabbar da ba ta wuce kilo 3 ba, kuskuren rabin kilo ba ƙarami ba ne. A tata ma akwai ƙarin lura, domin wani ɓangare na nauyin mugunya ce ba tsoka ba. Daga nan in ɗaga leɓe in ga dasashi, in saurari zuciya da huhu, in auna zafin jiki, in ɗebi jini. Ko asibitin ba shi da manyan na'urori, gwajin PCV ba ya gagara, shi ne ke nuna yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jininta, a gane ko tana da ƙarancin jini. A nan ƙasar tamu ban yarda in tsallake shi ba, saboda kaska da ƙuma da tsutsar ciki sun riga sun sha jinin dabbobi da yawa kafin su iso gare mu, a karnuka ma ciwon kaska yana hana jini daskarewa. In da hali a duba ƙoda, a irin ciwon Zabuwa kuɗin gwajin bai tafi a banza ba.

Ba na sa marar lafiya barci jikinta a bushe. Sai an sa kanula a jijiyar hannu, an yi ƙarin ruwa na wasu awanni, an fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. In likitanki ya ce zai kwantar da ita ya yi mata ƙarin ruwa kafin aiki, wannan shi ne murmurewar da ta dace da ita, a asibiti, ba mako guda a gida ba. Ruwan ma da awo ake ba kyanwa. Duk jinin da ke jikin mai kilo 3 bai kai rabin ledar fiya wata ba, in aka sake mata ruwa kamar na mutum sai ya taru a huhu. Kanular kuma tana nan har a gama, domin in zuciya ta yi rauni ana tsakiyar aiki, ta nan magani zai shiga nan take, ba a tsaya laluben jijiya ba.

Ki tambaye shi da me zai sa ta barci, ba rashin kunya ba ne. A asibitoci da yawa a nan ana haɗa zailazin da ketamin, don su ne ake samu kuma da sauƙin kuɗi. A dabba matashiya mai lafiya suna aiki. Amma zailazin yana rage bugun zuciya da ƙarfin gudun jini, yana kuma sa kyanwa amai, shi ya sa a marar lafiya irin wannan nake kauce masa, in nemi haɗin da ya fi sauƙi a kan zuciya. Ketamin kuma a jikin kyanwa ta ƙoda yake fita, in ƙodar ta gaji sai farkawa ta yi nisa, don haka ake rage shi. Inda ake da na'urar iskar barci, aisofuloren, an fi samun iko da abin: ana zura siririn bututu a maƙogwaro, iskar oksijin tana shiga tare da maganin, in barcin ya yi nauyi a rage nan take. Allurar da aka riga aka tsira a cinya kuwa ba a iya zuƙo ta a dawo da ita. In asibitinku ba su da na'urar, wannan kaɗai ba dalilin fasawa ba ne, amma a ce akwai oksijin a ɗakin, akwai bututun maƙogwaro daidai na kyanwa. In babu ko ɗaya, ki roƙe shi ya tura ku inda ake da su. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Tambayar da ta fi duka a wurina ita ce: Dakta, lokacin da kake yanka, wa ke kallon numfashinta? Mai yanka idonsa yana cikin ciki, hannunsa cikin jini, ba zai iya ƙirga bugun zuciya ba. Dole a samu mutum na biyu wanda ba shi da wani aiki sai wannan, yatsansa a kan jijiya, idonsa a kan ƙirji da launin harshe. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a harshe tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, kuma binciken can ya nuna magunan da ake bin bugun jijiyarsu ana kuma sa musu ita sun fi tsira. Ki kuma tambaya in an ɗauke wuta ana cikin aiki me suke yi.

Sai sanyi, wanda mutane ba sa kawowa a rai sam. Zafin jikin kyanwa tsakanin 38 ne da 39. In tana barcin allura jikinta ba ya iya riƙe ɗumi, ga an aske cikin, an goge da sifirit, an buɗe shi, ga teburin ƙarfe, ga hunturun nan da muke ciki. Jikin da ya yi sanyi ba ya fitar da magani da wuri, sai barci ya ƙi ƙarewa, zuciya ta yi ta ja baya. Mu tawul muke shimfiɗawa a ƙarƙashi, mu sa mata safar jarirai a ƙafafu, mu jera gorunan ruwan ɗumi naɗe da tsumma. Ki tafi da bargonta.

Maganar abinci, abin da likitanki ya ce shi za ki bi, don shi ya gan ta. Dalilin hanawar shi ne abin da ya sami karen can, mai barcin allura ba ya iya tari ya kare huhunsa. A da ana cewa tun daren jiya, amma ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka a ƙa'idojinta na 2020 ta ce awa 4 zuwa 6 sun isa ga kare ko kyanwa mai lafiya. Ruwa ba a hana shi tun dare, balle ga wadda jikinta ke neman ruwa haka. Madara kuwa abinci ce, kada a ba ta a ce ai ruwa ne. Kuma in wani yaro ya faki ido ya ba ta wani abu da safen, ki faɗa. Gara a jinkirta aikin da awa biyu. Haka in an zuba maganin ɓera a gidan kwanan nan, ko an fesa fiya-fiya, ko wani ya riga ya ba ta kafso ko wata ƙwaya, duk ki faɗa masa, domin wani maganin ɓeran hana jini tsayawa yake yi.

Ga masu karatu irin Baban Khalifa, likitan dabbobi a Nijeriya yana da rajista da hukumar kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa, wato VCN, kuma kuna da damar tambaya. Mai sayar da magani, komai daɗewarsa a kasuwa, ba shi da hurumin sa dabba barci.

Maman Ilham, Kano

Innalillahi, Dakta, jikina ya yi sanyi da na karanta maganar bushewar tsumman. Allah ya saka miki da alheri. Gwaggo, na gode da kulawa, ban ba ta komai ba. Baban Khalifa, Allah ya mayar da alheri.

Na kira likitan yanzu, ya ce in kawo ta da yammar nan su kwantar da ita su yi mata ƙarin ruwa, gobe da safe a yi aikin. Na yi masa tambayoyin, bai ji haushi ba. Ya ce suna da oksijin da janareta, kuma akwai mataimakinsa da ke kula da barcin. Ya ce in komai ya tafi daidai zan iya ɗaukar ta jibi. To in na dawo da ita gida fa, me zan yi? Ɗakinmu da sanyi da daddare, muna shigar da kaskon gawayi. Kuma da me zan riƙa wanke ɗinkin, Dettol ya yi?

Abba Mai Zomaye

Allah ya sa a yi a sa'a, Anti. Dakta, don Allah in ɗan raɓa da tawa tambayar. Ina kiwon zomaye, akwai wani namiji da ƙurji ya fito masa a ƙarƙashin haɓa, an ce sai an sa shi barci an tsaga. Shi ma in hana shi ci tun dare kamar kyanwa?

Dakta, Zariya

Malam Abba, a'a, kada ka hana shi. Zomo ba ya amai, don haka dalilin da ya sa ake hana kare da kyanwa bai shafe shi ba. Hanjinsa kuma an halicce shi ne ya yi ta aiki ba tsayawa, in ya wuni bai ci ba sai ya tsaya cak, wannan kaɗai yana kashe zomo. Ka bar masa ciyawarsa har lokacin tafiya, ka tafi da wata asibitin don ya samu da zarar ya farka. Ka nemi likitan da ya saba da zomaye, domin a binciken da na ambata haɗarinsu ya fi na kare da kyanwa nesa, kusan 1 cikin 140 ko a masu lafiya. Irin ƙurjin nan na haɓa sau da yawa daga saiwar haƙori yake tasowa, ka ce a duba bakin. Tumaki da awaki kuma nasu daban ne, su ana hana su ci na tsawon lokaci saboda kumburin tumbi. Kowace dabba da nata, kada a ari na wata.

Maman Ilham, alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta da jin za ta kwana biyu a hannunsu. Ranar ɗaukowa ki ga tana ɗaga kai, tana bin ki da ido, tana iya miƙewa ko da tangaɗi. Ki sa ta a kwando ko kwali mai murfi da ramukan iska, ba a hannu ba, don ƙarar Adaidaita Sahu tana iya firgita ta ta fizge ɗinkin ya buɗe. In a mota ne kada a sa ta a but, kada kuma a bar ta a ciki an rufe gilashi.

Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗakin da take, ƙofa a rufe. Hayaƙinsa marar wari yana hana jini ɗaukar iska, ku ma kanku haɗari ne gare ku da yaran, balle ita da ke ƙasa kusa da shi da ɗan jikinta. Ki shimfiɗa mata bargo a ƙasa, ba kan gado ko kujera ba don kada ta faɗo. Ki cika gorar roba da ruwan ɗumi wanda hannunki zai iya jurewa, ki naɗe da tawul, ki ajiye a gefenta yadda in ya ishe ta za ta matsa. Gora tsirara tana ƙona fatar dabbar da ba ta gama dawowa hayyacinta ba, na sha ganin irin ƙunar nan, sai bayan kwanaki fatar take saɓulewa. Ɗakin ya zama shiru, ba haske sosai, su Ilham su yi haƙuri da ɗaukarta. In kin ga ƙwayar idonta ta yi faɗi tana kallon bango, ragowar magani ne, yana wucewa. Ruwan sha a faranti marar zurfi, a rufe bokitai da baho.

A daren farko ki riƙa leƙa ta. Ki ɗaga leɓenta, dasashi ya zama ja-ja mai haske, in kin danna da yatsa ya yi fari ya dawo kafin ki ƙirga biyu. Ki ƙirga numfashinta tana kwance, 20 zuwa 30 a minti daidai ne. In ya haura 40 ya tsaya a haka, ko ta buɗe baki tana haki, ko dasashin ya yi fari fat, ko kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi ƙalau ba ta amsa kira, ko cikin yana ƙara tasowa, ko jini yana ɗiga daga ɗinkin ba tsayawa, kada ki jira gari ya waye. Tun kafin ki baro asibitin ki karɓi lambar da za a ɗauka da tsakar dare.

Dettol da Izal kada su taɓa ta, guba ne ga kyanwa, kuma duk abin da kika shafa mata sai ta lashe. Ɗinki mai kyau ba ya son wanki, a bar shi a bushe. Babu toka, babu man shanu, babu garin kafso. Ki dube shi safe da yamma, ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba komai, wari ko ruwa ko buɗewa su ne na komawa asibiti. Babban abokin gabar ɗinkin harshenta ne. Ki karɓi kwalar robar nan da ake sa musu a wuya, za ta tsane ta, ta yi ta ja da baya, amma ki daure. In ba a samu ba, singiletin jarirai da aka huda wa gurbin ƙafafu yana rufe cikin. Ki tsare ta a ɗaki, ba hawa katanga, ba ƙuda, ki sa mata yashi mai tsafta a tire ki riƙa sauyawa, har a cire zare nan da kwana 10 zuwa 14.

Ki tabbata an haɗo ki da maganin ciwo na dabbobi, da awonsa a rubuce. Kyanwa ba ta kuka in tana jin zafi, sai dai ta duƙunƙune a lungu, ta runtse ido, ta ƙi ci. Maganin kashe ƙwayoyin cutar kuma a shanye shi duka ko ta warware. Abinci ki fara da kaɗan, dafaffen kifi ko kaza marar ƙashi, marar yaji da albasa, ki ɗan ɗumama don ƙamshin ya tashi. Tunda ta riga ta kwana biyu ba ta cin kirki, in ta ƙara wuni da kwana a gida ba ta taɓa komai ba ki sanar da likitan, saboda kyanwar da ta daɗe ba ta ci kitse yana taruwa mata a hanta. Kuma ki ce ya nuna miki mahaifar bayan ya cire, ki ɗauki hotonta ki kai wa mai allurar hana ɗaukar cikin nan ya gani.